BABI NA UKU: BALA MILLER, KIƊAN HAƊIN GUIWA DA DURƘUSHEWAR MUJALLU MASU ZAMAN KANSU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda wani makaɗi mai gwaje-gwaje, wato Bala Miller, ya yi tasiri a kan kiɗan Hausa na zamani ta hanyar tara makaɗa da yin aiki tare da su. Haka kuma za a dubi halin da aikin jarida a kan kiɗa da waƙa ya shiga a ƙasar Hausa, musamman mujallu masu zaman kansu, waɗanda suka bunƙasa na ɗan lokaci sannan suka durƙushe. Dalilin haɗa batutuwan biyu shi ne, tasirin da ake yi ta hanyar haɗin guiwa ba ya fitowa fili sai an sami wanda ya rubuta wa ya yi aiki da wa, a ina, kuma a wace shekara. Idan babu wannan rubutu, sunan jagora kaɗai ke saura. Daga ƙarshe za a kawo abin da wannan hali yake nufi ga makaɗan yankin Birnin Kudu da Gwaram, inda nazarin ya fi mayar da hankali.

3.1 Ma'anar Makaɗi Mai Gwaje-gwaje

Kafin a shiga tarihin Bala Miller, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da makaɗi mai gwaje-gwaje. Masana adabin baka, irin su Sa'idu Muhammad Gusau a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa na 1996, sun karkasa makaɗan Hausa gida-gida bisa ga waɗanda suke yi wa kiɗa. Akwai makaɗan fada kamar Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Akwai makaɗan sana'a da na maza kamar Ɗan Anace, sannan akwai makaɗan jama'a kamar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. A mafi yawan waɗannan rukunoni tsarin ƙungiya iri ɗaya ne: jagora mai ƙulla waƙa, 'yan amshi, masu kiɗa, da sanƙira mai fayyace zance da kambama wanda ake yabo. Kayan kiɗan kuwa, kowace ƙungiya tana riƙe da nata, ko kotso ko taushi ko kalangu ko kukuma, kuma sau da yawa gadonsu ake yi.

Makaɗi mai gwaje-gwaje, a wannan nazari, shi ne wanda ya fita daga wannan shimfiɗaɗɗen tsari da gangan. Yakan haɗa kayan kiɗan da ba a saba jin su tare ba, ya ɗauko mutanen da ba su gaji kiɗa ba, ya kuma jarraba ɗora harshen Hausa a kan wani amo baƙo don ya ga ko zai zauna. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka duk mai gwaji dole ne ya zama mai tara jama'a.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Bala Miller

An haifi Bala Miller a garin Fankshin, cikin jihar Filato ta yanzu, a shekarar 1928. Mahaifinsa limamin coci ne daga cikin Kiristocin farko na ƙasar Zazzau, waɗanda suka tashi a hannun mishan ɗin CMS. Ke nan ya buɗe ido da Hausa a bakinsa, da kuma waƙoƙin coci da ake rerawa murya-murya a kunnensa. Ya yi karatun sakandare a makarantar CMS ta Legas, kuma a can ne ya ƙware da kayan busa na Turawa irin na 'yan badujala. A Legas ya yi hulɗa da makaɗan hailaif na shekarun 1950, cikinsu har da Victor Olaiya. Hailaif kiɗa ne da ya taso daga Gana da biranen gaɓar teku, wanda yake haɗa jita da kayan busa na Turawa da gangunan Afirka.

Bala Miller bai dogara da kiɗa kaɗai ba a farkon rayuwarsa. Ya yi aikin kamfani a fannin sayar da kaya, kuma wannan aiki ne ya dawo da shi Arewa ya zauna a Kaduna. A zamanin mulkin Audu Baƙo a jihar Kano, wato tsakanin 1967 da 1975, ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci Birnin Kudu da Gwaram suna cikin jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa. A shekarar 1977, wadda a cikinta aka yi bikin baje kolin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas tare da hawan daba a Kaduna, ya kafa babbar ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Afrika. Sunan yana tuna wa mai sauraro dalar Masar da kuma dalar gyaɗa ta Kano. A shekarun 1980 ya riƙa gabatar da shirin nishaɗi mai ɗauke da sunansa a gidan talabijin na NTA. Waƙarsa da ta fi shahara ita ce "Ikon Allah". Ya rasu a shekarar 2003.

3.3 Yadda Gwajin Ya Gudana

Domin a fahimci nauyin aikin da Bala Miller da abokan aikinsa suka ɗauka, sai an dubi wasu matsaloli guda uku da ke fuskantar duk wanda zai ɗora waƙar Hausa a kan kayan kiɗan Turawa.

Matsala ta farko ita ce ta karin sauti. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalma a cikinsa. Alal misali, kalmar "kuka" idan aka ɗaga gaɓoɓinta biyu tana nufin zubar da hawaye, idan kuwa aka ɗaga ta farko aka sauke ta biyu tana nufin itaciyar da ake miya da ganyenta. Kalangu yana iya bin wannan hawa da sauka, domin mai kiɗa yana matse tsarkiya da hammatarsa ya sassauta, har gangar ta kwaikwayi magana. Fiyano da sauran kayan Turawa kuwa kowane maɓalli yana da tsayayyen amonsa. Idan mai tsara kiɗa ya bi son amon kayan, sai ya karya kalmar Hausa. Idan ya bi kalmar, sai ya rage wa kayan walwala. Aikin mai gwaji shi ne neman matsaya tsakanin biyun.

Matsala ta biyu ita ce ta nauyin gaɓa. Waƙar Hausa tana tafiya ne a kan jeren gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma kiɗa yana bin wannan jeri. Hailaif yana da nasa takun da aka gina domin rawa. Dole ne a zaɓi kalmomin da tsawon wasulansu zai faɗa daidai da bugun kiɗan, in ba haka ba Bahaushe zai ji waƙar tana ɗingishi ko da bai san dalili ba.

Matsala ta uku ita ce ta matsayin kiɗa da magana. A gargajiyance magana ce gaba, kiɗa yana rakiya. Mai sauraron Shata baitoci yake bi, kalangai suna riƙe masa hanya. A babbar ƙungiya irin ta Bala Miller kuwa, akan bar masu busa da masu jita su yi ta nasu na tsawon lokaci ba tare da an furta kalma ba, kuma kowane rukuni yana da layin da aka tsara masa. Wannan yana buƙatar horo da maimaici, da kuma mutane masu yawa da suka san lokacin shiga da lokacin yin shiru.

3.4 Tasirinsa Ta Hanyar Haɗin Guiwa

Tasirin Bala Miller ya fi fitowa a wajen mutanen da ya tara fiye da yawan faya-fayen da ya fitar. Da farko, ya nuna cewa ana iya shiga kiɗa ta hanyar koyo a makaranta ko a ƙungiya, ba lallai sai ta gado ba. Na biyu, ƙungiyarsa ta haɗa 'yan ƙabilu da addinai daban-daban suna rera waƙa da Hausa, abin da ya dace da yanayin garin Kaduna. Na uku, hanyar samun abinci ta sauya. Makaɗin gargajiya yana dogara da ubangida da kyautar da ake yi masa a wurin biki, shi ya sa al'umma ta danganta sana'ar da roƙo. Ƙungiyar zamani kuwa tana dogara da kuɗin shiga wurin wasa da kwangila da cinikin faifai.

Ba shi kaɗai ne a wannan fage ba. A Kano an yi ƙungiyar Elcados a shekarun 1970, daga baya kuma Funmi Adams ta yi waƙoƙi da Hausa a kan kayan zamani. A Jamhuriyar Nijar an kafa cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda aka riƙa haɗa matasa da kayan kiɗan zamani. Daga wannan yunƙuri ne Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito, wanda ya ɗora amon kiɗan bori a kan jita, ya kuma fitar da faifai na haɗin guiwa da Musa Fusi a 1994. Kasa-kasansa sun sami karɓuwa ƙwarai a Arewacin Nijeriya kafin rasuwarsa a 2008.

Duk da haka, akwai abin da ya taƙaita yaɗuwar kiɗan Bala Miller a karkara. Wuraren wasan irin waɗannan ƙungiyoyi kulob-kulob ne da otal-otal na birane, wuraren da yawancin Musulmin karkara ba sa shiga. Talabijin ta kai shi cikin gidaje, amma a shekarun 1980 akwatin talabijin da wutar lantarki sun yi ƙaranci a ƙauyuka. Rediyo da kaset su ne suke da kasuwa, su kuwa makaɗan gargajiya ne suka mamaye su.

Sauyin da ya game ko'ina ya zo ne tare da finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990. Masu kiɗan finafinai na farko, irin su Nasir Gwale, sun yi amfani da fiyano na kamfanonin Casio da Yamaha, mai iya kwaikwayon amon ganga da sarewa da goge. Abin da ƙungiya mai mutane da yawa take yi, sai ga shi mutum ɗaya yana yi a ɗakin ɗaukar sauti. Haɗin guiwa bai ƙare ba, sai dai ya sake kama. Waƙa ɗaya takan bi ta hannun mai rubutawa da mai fiyano da mai rerawa da 'yan amshi, sannan jarumin fim ya hau kanta yana motsa baki. Mai kallo kuwa jarumin yake gani, shi yake bai wa waƙar.

3.5 Jaridu da Mujallu a Kan Kiɗa da Waƙa

Jaridun da suka daɗe a Arewa na gwamnati ne. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita. New Nigerian ta fara fita a Kaduna a 1966. Kamfanin Triumph, mai buga Albishir da Alfijir, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa shi a Kano a 1980. Waɗannan jaridu sun fi ba da ƙarfi ga siyasa da mulki da addini, kuma sun ba rubutattun waƙoƙi fili. Makaɗi kuwa yakan shigo ne jefi-jefi, idan an yi babban biki ko idan ya rasu. A Legas abin ya bambanta, domin an sami marubuta irin su Benson Idonije da suka ɗauki shekaru suna rubutu a kan hailaif da makaɗansa a jaridar The Guardian.

Mujallu masu zaman kansu da suka mayar da hankali ga nishaɗi da Hausa ba su bayyana sosai ba sai ƙarshen shekarun 1990. Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, kuma a cikinta ne aka fara amfani da sunan Kannywood. Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna a watan Maris na 1999. Wasu kuma suka biyo baya, irin su Mumtaz da Garkuwa da Bidiyo da Annashuwa. Ko da yake fim ne jigonsu, sun yi wa kiɗa aikin da ba a taɓa yi masa ba. Sun yi hira da mawaƙan bayan fage irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, suka buga hotunansu, suka kuma bayyana wa ya tsara kiɗan wace waƙa. Bugu da ƙari, daga cikin wannan da'ira ne aka sami littafin tarihin Mamman Shata, wato Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar makaɗin.

Idan aka jera shekarun za a ga giɓin da ke akwai. Ganiyar Bala Miller ta kama daga 1977 zuwa shekarun 1980, mujallun kuwa sun zo bayan kusan shekara ashirin, lokacin da hankalin matasa ya koma kan fim. Wani abin da ke ƙara nuna giɓin shi ne, kamfanin Strut na Landan ne ya sake fito da "Ikon Allah" ga duniya a 2001, cikin tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, wanda aka gabatar a matsayin tarihin kiɗan Legas. Ke nan waƙar Hausa ta ƙungiyar Kaduna ta shiga kunnen duniya a ƙarƙashin sunan wani gari.

3.6 Dalilan Durƙushewar Mujallun

Mafi yawan mujallun da aka ambata ba su yi dogon zango ba. Ana iya kawo dalilai huɗu.

Na farko shi ne tsadar takarda. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta riƙa faɗuwa, sannan masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta tsaya a shekarun 1990. Mai buga mujalla sai ya sayi takardar da aka shigo da ita daga waje, alhali masu sayen mujallar ɗalibai ne da matan aure da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda kwafi ɗaya yakan zagaya hannun da yawa daga cikinsu.

Na biyu shi ne rashin talla daga waje. Manyan kamfanonin faifai irin su EMI da Polygram sun sayar da harkokinsu a Nijeriya sun fice tun kafin mujallun su fito. Masu ba da talla su ne furodusoshi da dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata, wato mutanen da ya kamata mujallar ta yi sharhi a kan aikinsu. Duk editan da ya soki aikin wani, yana iya rasa tallarsa a fitowa ta gaba.

Na uku shi ne rikicin da masana'antar fim ta shiga a 2007, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, wasu masu sana'ar suka koma Kaduna da wasu garuruwa. Da kasuwar fim ta yi sanyi, mujallun da ke rataye da ita suka ji a jikinsu.

Na huɗu shi ne wayar hannu da intanet. Layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001. Cikin 'yan shekaru masu tura waƙoƙi a waya suka karɓe kasuwar kaset da faifan CD, daga baya kuma mawaƙa suka buɗe shafukansu a Facebook da YouTube da TikTok, suna sanar da masoyansu labari kai tsaye. Mujallar Fim ce ta fi sauran daɗewa, ita ma daga baya ƙarfinta ya koma intanet. Jaridun gwamnati ma ba su tsira ba. An rufe kamfanin Triumph a 2012, ko da yake an farfaɗo da shi daga baya, kuma a daidai wannan lokaci New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo suka daina fitowa a kai a kai. Irin haka ta faru a wasu ƙasashe, domin a Ingila mujallar kiɗa ta Melody Maker, wadda aka kafa a 1926, ta daina fita a 2000.

Illar wannan hali ita ce, yawancin abin da ake yaɗawa a kan mawaƙi yanzu daga bakinsa ko bakin yaransa yake fitowa. Mai kawo labarin ya koma matsayin sanƙira, aikinsa kambama jagora. Ba a cika tambayar wa ya tsara kiɗan ba, ko daga ina aka aro amon, ko nawa aka biya 'yan amshi.

3.7 Abin da Wannan Yake Nufi ga Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne a masarautar Dutse, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta nufi jihar Bauci. Jaridu da mujallun da ake karantawa a yankin daga Kano da Kaduna da Zariya suke zuwa, kuma labaran waɗancan birane suke ɗauke da su. Makaɗan noma da na biki da masu kiɗan 'yan mata da ke wasa a kasuwanni irin su Sara da Babaldu sun yi nesa da idon 'yan jarida ko a lokacin da mujallun suke da ƙarfi. Idan har makaɗi irin Bala Miller, mai shiri a talabijin na ƙasa, bai sami cikakken rubutu a kan abokan aikinsa ba, to halin mai kalangu ko ɗan amshi na ƙauye ya fi tsanani.

Yankin kansa yana da misalin da ke nuna amfanin rubutu. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai tsofaffin zane-zanen shanu, akwai kuma duwatsun da idan aka buga su da wani dutse suke ba da amo kamar ƙararrawa. Gurabun da bugu ya bari a jikinsu suna nuna cewa an daɗe ana kiɗa da su. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a kansu a mujallar Man a 1956, ya kuma ambaci alaƙarsu da al'adun aure na mutanen wurin. Wannan rubutu ne ya sa masana kiɗa na duniya suka san Birnin Kudu. Sunayen waɗanda suka yi ta kiɗa da duwatsun tsawon zamunna kuwa sun tafi tare da su.

Saboda haka nauyin da mujallu suka sauke ya faɗo kan ɗalibai da gidajen rediyo da hukumomin al'adu. Jihar Jigawa tana da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa tun 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ɗalibin da zai yi nazarin makaɗin yankinsa bai kamata ya tsaya ga tarihin jagora da matanin waƙoƙinsa ba. Ya kamata ya rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya da abin da yake kaɗawa, da wanda ya koya masa, da ƙungiyoyin da ya zauna a ciki kafin wannan, da kuma ɗakin da aka ɗauki waƙar idan ta zamani ce.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar makaɗi mai gwaje-gwaje, an kuma kawo tarihin Bala Miller da matsalolin karin sauti da nauyin gaɓa da matsayin kiɗa waɗanda shi da abokan aikinsa suka fuskanta. An ga cewa tasirinsa ya bi ta hanyar horar da mutane da tara su a ƙungiya ɗaya. An kuma ga cewa mujallu masu zaman kansu sun zo a makare, a 1998 da 1999, sannan tsadar takarda da rashin talla da rikicin 2007 da zuwan wayar hannu suka karya mafi yawansu. A babi na gaba za a dubi tsarin ƙungiyoyin makaɗan Birnin Kudu da Gwaram, tare da ba da kulawa ga 'yan amshi da masu kiɗa kamar yadda aka ba jagororinsu.